Wankan da Ban Yi wa Seember Ba

"Inna, don Allah ki hanzarta, an riga an tafi haƙa kabari," in ji Hajiya Zuwairatu. Ta turo mini bokitin ruwa da ƙafa har bakin ƙofar sito, sannan ta ja da baya tana toshe hanci da gefen mayafi. "Alhaji ya ce kafin azahar yake so a kai ta. Yana da motar kaya da za ta tashi."

"Me ya kashe ta?" na tambaya.

"Zazzaɓi mana. Kwana ne ya ƙare."

Ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Sunana Muhibbat, amma tun da furfura ta cinye mini kai kowa Inna yake ce mini. Katangarmu ɗaya da gidan Alhaji Kalilu, mijin Hajiya, wanda duk mai sayen agushi da buhu a kasuwar Lafiya ya san rumfarsa. Na wanke tsofaffi, na wanke masu jego, na wanke jariran da ba a ko raɗa wa suna ba, kuma ban taɓa shiga ɗakin gawa da fushi ba sai ran nan.

Na tura ƙyauren sito na shiga. Buhunan agushi ne jibge har rufi, ga kashin ɓera, ga zafi kamar a bakin murhu. A ɗan lungun da ya rage tsakanin buhuna da bango aka shimfiɗa kwali, a kan kwalin kuma yarinyar take kwance, an lulluɓe ta da tsohon labule. A nan take kwana tun ranar da aka kawo ta. Na lura sakatar ƙofar a waje take, babu ta ciki.

A gidan, Zulfa suke kiranta, domin Hajiya ta ce bakinta ba zai iya sunan ƙauye ba. Sunanta na gaskiya Seember. Wani kawunta ne ya ɗauko ta daga ƙauyensu na Tibi, can bayan Obi, ya ce wa uwarta za a sa ta makaranta a birni. Ba ta wuce shekara tara ba a lokacin, kuma damina biyu ta yi a gidan. Makarantar da ta gani ita ce ta 'ya'yan Hajiya, in ta raka su bakin ƙofa ɗauke da jakunkunansu. Daga nan sai ɗiban ruwa, sai wanke-wanke, sai dama kunun aya, sai ta ɗora kula a ka ta nufi tasha. In ta dawo da yamma a zube mata agushi a faranti ta yi ta ɓarewa har idonta ya rufe. Ta katanga nake jin duk wannan, har da 'yar waƙar cocinsu da take yi ƙasa-ƙasa in tana wanki ita kaɗai.

Sati biyu kafin ran nan tukunyar ruwan zafi ta kife mata a ƙafa. Na gan ta tana ɗingishi da kula a ka, ƙafar naɗe da tsumma, ƙudaje na bin ta. Na shiga na ce wa Hajiya a kai ta ko kemis ne. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Inna, ke da gawa kika saba, bar mana masu rai." Na je wajen mai unguwa, ya ce sha'anin cikin gida ne, amma zai yi wa Alhaji magana. Maganar da ya yi masa ita ce ta gaisuwa, don da idona na ga an kai masa kwanon agushi washegari.

Na yi bisimilla na yaye labulen.

Ba zan faɗi yadda ƙafar ta koma ba, don wani yana iya karanta wannan yana cin abinci. Ta kumbura har cinya, ta yi baƙi, tsumman ya manne da nama. Na juya ta a hankali. Bayanta duk shatin bulala ne, sirara, irin na wayar wuta, wasu sun tsufa sun yi fari, wasu kuwa ko ɓawo ba su yi ba. Wato har a cikin ciwon nan ana dukanta. Yatsunta babu farce ko ɗaya mai kyau, agushi ya cinye su.

Na zauna a kan buhu. Ba tsoro nake ji ba, haushi ne. A nan na gane abin da ya sa Hajiya ta aiko mini tun gari bai gama wayewa ba, ni da ta gama zagi. Kowa ya san mai wankan gawa bakinta a ɗinke yake. Abin da ta gani a jikin mamaci amana ce, da ita za ta shiga kabarinta. Hajiya ta lissafa cewa in na zuba ruwa na naɗe likkafani, shi ke nan, ƙasa ta rufe, bakina ya rufe. Sai a aika wa uwar cewa zazzaɓi ne, an riga an binne, a yi haƙuri. Ni za a yi amfani da ni a rufe mata asiri. Sai dai ta manta abu ɗaya: asirin mamaci ake rufewa, ba asirin wanda ya kashe shi ba.

Na ciro wayata daga lalita na kira Ngodoo. Ita Batibiya ce mai sayar da doya kusa da tasha, a wajenta nake saye, kuma a rumfarta Seember take ɗan tsayawa ta sha ruwa ta ji yarensu.

"Ngodoo, yarinyar nan ta gidan Alhaji Kalilu ta rasu," na ce da raɗa.

"Wane yaro? Seember? Yesu! Mama, shi ya mutu?"

"Kabari ake haƙa yanzu haka. Kin san uwarta?"

"Na san ƙauye nasu. Mamansa Hembadoon. Mama, abeg, kar ka bari su binne shi. Mu ba mu barin yaro a ƙasan wani, gida ne muna kai shi. Zan kira ƙanena Terver, yana da mashin, zai ɗauko mamansa daga gona."

"Yaushe za su iso?"

"Hanya ba kyau, ruwa ya ɓata. Sai rana ya juya."

"To ku yi sauri. Ni zan riƙe ƙofa."

Ƙofar da ba ta da sakata ta ciki na ce zan riƙe. Amma ni na san abin da na dogara da shi. Babu namijin da zai shigo inda ake wankan mace, Hajiya kuwa tsoron gawa take kamar me, ko ta mahaifiyarta ba ta iya tsayawa a kai ba. Kuma tun da aka kafa garin nan ba a taɓa cewa mai wanka ta yi sauri an ga daidai ba.

Na leƙo na ce ruwan ya yi sanyi, a ɗumama. Aka ɗumama. Na ce ina ganyen magarya? Aka kawo busasshe a leda. Na ce ni ɗanye nake aiki da shi, a je a tsinko. Sai da aka tura mai mashin har wajen Azuba kafin a samu bishiyar. Da ya dawo na ce kafur fa? Aka ruga kasuwa. Aka miƙo likkafani, na auna da kamu na mayar, na ce wanda ya yanka bai san tsawon yarinyar ba, a sake. Matan unguwa sun fara taruwa a tsakar gida, ina jin suna cewa, "Inna dai akwai tsanani a aikinta, Allah ya saka mata." Na ce a raina, amin, amma ba ku san irin aikin ba tukuna.

Ruwan kuwa ko ɗigo bai taɓa jikinta ba. Da buta nake ɗiba ina tsiyayawa a ƙasa kaɗan-kaɗan, ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure ya gangara rariya, na waje su ga kumfar magarya su ɗauka ana wanka. Ina tsiyayawa ina tuna cewa ruwan nan ma ita ta ɗebo shi jiya da wannan ƙafar, don na ji ƙarar juyawarsa a durom da la'asar.

Tsakanin buta da buta sai in zauna kusa da ita ina kore mata ƙuda da murfin kwali. Na rufe mata ido sosai, na ɗaure mata haɓa da ƙyallen da na yaga daga gefen ɗankwalina, na miƙar da yatsun. Ban san addu'arsu ba, don haka hira kawai na yi mata. "Kwanta ki huta, 'yar nan," na ce. "Yau babu mai tashin ki. Uwarki na hanya." Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma kukan bai rage mini haushi ba, ƙara shi ya yi.

Da rana ta take, Hajiya ta zo ta tsaya a bayan ƙyaure.

"Inna, wai lafiya? Liman ya iso, maza sun cika ƙofar gida."

"Su zauna. Wanda ya zo jana'iza ai ba sauri yake ba."

"Alhaji ya ce in aikin ya fi ƙarfinki, a kira wata ta taya ki."

"A kira. Duk wadda ta shigo za ta ga abin da na gani."

Ina jin numfashinta ta tsagar katako. Da ta sake magana muryar ta sauko ƙasa, ta yi laushi kamar ba ita ba.

"Inna, amana ce fa. Ke kika fi kowa sanin hukuncin wanda ya tona asirin gawa. Ki rufa mana, Allah ya rufa miki. Tsautsayi ne, wallahi ban yi zaton abin zai kai haka ba. Akwai atamfa sabuwa da na ajiye, dama ke nake nufi da ita."

"Zuwairatu," na ce, kuma ran nan na fara kiranta da sunanta tsirara, "wayar da kike dukanta da ita, ita ma tsautsayi ce?"

Na ji takunta da sauri ta nufi zaure.

Ba a jima ba sai ga muryar Alhaji Kalilu da kansa a tsakar gida, yana ce wa mata su kauce. Mutum ne mai tumbi da taushin baki, wanda bai saba a ce masa a'a ba.

"Inna, girmanki muke gani. Rana tana yi, gawa ba ta son jira. In kin gama ki fito, in ba ki gama ba ki naɗe ta haka, Allah ya ga niyya. Kai, ku shigo da makara!"

Na ji samari sun shigo, ƙafar makara na gogar bango. Na san in suka ɗauke ta yanzu, kafin Hembadoon ta iso an mayar da ƙasa. Na duba wayata, babu kiran Ngodoo. Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba da tsufana. Na cire mayafi, na cire ɗankwali, na tuɓe riga, na ɗaura zani a ƙirji. Na ɗan buɗe ƙyauren na miƙa hannu na jefar da rigar a tsakar gida, a gaban kowa.

"Ga rigata nan," na ce da ƙarfi. "Ni da gawar duk a tuɓe muke. Duk ɗan da uwarsa ta haifa da jini a jika, ya shigo ya gan mu."

Samarin nan yawancinsu ni na wanke kakanninsu. Na ji an ajiye makara a ƙasa, na ji takalma suna ja da baya. Ɗaya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ni dai ba da ni ba." Mata suka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, akwai dai abin da ke cikin ɗakin nan." Alhaji ya yi ta faɗa, ya ce na haukace, ya ce gidansa ne, ya ce zai sa a kama ni. Na bar shi yana yi, na koma na ci gaba da kore ƙuda. Aka kira azahar, maza suka tafi masallaci suka dawo, ina nan zaune, gumi na bin bayana.

Can sai na fara jin kuka tun daga bakin layi. Ba irin namu ba ne da ake toshe baki ana haɗiyewa. Kuka ne a buɗe, na mata da yawa, murya ɗaya na tashi sauran na amsawa. Ngodoo ba ita kaɗai ta zo ba, ta kwaso matan layin doya gaba ɗaya, sun bar rumfunansu. A cikin kukan akwai murya guda da ta fi kowace tsini, tana kiran suna ɗaya: "Seember! Seember!" Mutanen unguwarmu suka riƙa tambayar juna wace ce Seember.

Na mayar da mayafina na buɗe ƙofa gaba ɗaya. Hembadoon siririyar mace ce, ƙafafunta duk taɓon gona, ko takalmi babu. Ba ta kalli kowa ba. Na kama hannunta na kai ta lungun, na yaye labulen, na juya mata bayan 'yarta, na nuna mata ƙafar. Ta durƙusa ta sa tafin hannu a kan shatin, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Kukan ya ɗauke mata ɗif.

Na fito na tsaya a tsakar gida. Liman ya shigo zaure tare da dattawa, na ɗaga murya yadda za su ji.

"Malam, ban wanke ta ba, kuma ba zan wanke ba. Yarinyar nan ba a musuluntar da ita ba, suna kawai aka canja mata. Ba zazzaɓi ya kashe ta ba. Ƙuna ce aka bari ta ruɓe, ana dukanta tana talla a kai. Duk macen da ke shakka ta shiga ta gani da idonta."

Suka shiga kuwa, bibbiyu, uku-uku. Kowace ta fito sai ta nemi inda Hajiya take ta zuba mata ido. Liman ya ce, "Innalillahi. Mai ɗa ta zo, a ba ta ɗanta. Babu sallar da zan ja a nan." Ya sa takalminsa ya fita, dattawa suka bi shi, babu wanda ya yi wa Alhaji sallama.

Terver, ƙanin Ngodoo, ya riga ya biya ofishin 'yan sanda, sai ga shi da biyu, ɗaya mace. Ta shiga ta ɗauki hotuna da waya, ta ce sai likita ya duba gawar kafin a wuce da ita ƙauye, kuma Alhaji da matarsa su shirya su bi su. Na san garin nan, na san mai buhuna ba ya daɗewa a bayan kantar 'yan sanda. Amma ko ofis ya wanke shi, bakin matan layin doya da na unguwarmu ba zai wanke shi ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Hembadoon ta fito daga sito ta tsaya gaban Hajiya, ta yi magana da yarensu, a hankali, ba faɗa. Ngodoo ta fassara tana share hawaye.

"Ya ce, kawun yaro ya gaya masa Seember yana aji huɗu yanzu. Ya ce ka ba shi yunifom na yaron da littafi nasa, zai kai gida, ƙannensa su gani."

Hajiya ta dubi igiyar shanya, inda kayan makarantar 'ya'yanta suke rataye, wankin jiya. Ta zame ta zauna a ƙasa cikin ruwan magaryar da na tsiyaye. Na so in ji tausayinta, na laluba zuciyata ban samu ko ƙwaya ba. Na sunkuya daidai kunnenta.

"Kowa da ranarsa, Zuwairatu," na ce. "Ranar taki, a nemo wata. Hannun nan ba zai taɓa ki ba."

Alhaji ya matso yana murza hannu, ya ce ga motarsa a kai gawar, ga likkafani an riga an yanka, ga makara. Ngodoo ta faɗa wa uwar. Hembadoon ta girgiza kai sau ɗaya. A-kori-kurar doya da matan suka zo da ita tana can bakin titi, don layinmu ya yi mata ƙunci, da ita za a kai gawar wajen likita.

Hembadoon ta koma cikin sito, ta kwance zaninta na sama, ta durƙusa ta ba gawar baya. Ni da Ngodoo muka ɗaga Seember muka ɗora mata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Uwar ta ja zanin ta rufe ta har ka, ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure a ciki, ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba.

Mutane suka dare gida biyu. Ta ratsa zaure ta fita layi, ƙafafun yarinyar na reto a gefen gwiwoyinta. Tana tafe a hankali, hannunta ɗaya a baya, tana ɗan bubbuga ta.